Yadda Ake Nemo Taron Masu Ƙoƙarin Daina Shan Giya, da Yadda Ake Halartarsa

Wannan bayani na wanda giya ta fi ƙarfinsa ne, wanda ya sha yin rantsuwa da safe cewa ya bari, kafin dare ya sake tsintar kansa da kwalba a hannu. Akwai taruka da masu irin wannan matsala suke yi a tsakaninsu. Ba likita ke jagoranta ba, ba kuma mai wa'azi ba. Mutane ne da giya ta ci musu lafiya da dukiya da mutunci, wasu sun daina shekaru da yawa, wasu jiya suka ajiye, suna zama kamar awa ɗaya suna faɗa wa juna gaskiyar halin da suke ciki. Na daɗe ina zama a irin waɗannan taruka, na kuma raka sabbin zuwa da dama har bakin ƙofa. Abin da na fi ganin yana raba wanda ya ɗore da wanda ya koma ruwa shi ne dawowa: ya zo yau, ya sake zuwa, ko da zuciyarsa ba ta gama yarda da abin ba.

Tushen abin ya faro ne a 1935 a garin Akron da ke jihar Ohayo ta Amurka, lokacin da Bill Wilson, wani dillalin hannun jari, ya haɗu da likita Bob Smith. Dukansu giya ta kassara su. Sai suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon daga ciki tana hana mutum sha a ranar. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, ta samo asali, yau kuma tana cikin ƙasashe kusan 180. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da aka yi a kan mutane sama da 10,000, ta gano cewa wajen daina sha gaba ɗaya, AA da shirye-shiryen asibiti masu shigar da mutum cikinta suna aiki kamar sauran sanannun hanyoyin magani, a wasu wuraren ma sun fi. Saboda haka ba ɓata lokaci za ka je yi ba.

Abubuwan da za ka tanada

Ba su da yawa.

- Son dainawa, ko da ƙanƙani ne. Shi kaɗai ne sharaɗin shiga AA.
- Waya. Idan tana hawa intanet ya fi, tare da abin sauraro na kunne domin taron da ake yi ta Zoom.
- Ƙaramin littafi da biro, don rubuta lokutan taro da lambobin waya.
- Awa ɗaya da rabi da ka ware, ban da lokacin tafiya.
- Hanyar zuwa da dawowa wadda ba sai ka yi tuƙi ba, idan akwai sauran giya a jikinka.
- Ɗan rakiya da ka amince da shi, in da hali. In babu, kada rashinsa ya tsayar da kai.

Ba a tambayar katin shaida, ba a cike fom, ba a biyan kuɗin shiga.

Mataki na 1: Idan shan ya yi nisa, fara da likita

Wannan ya riga komai, don a nan ne ake iya rasa rai. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, jikinsa ya saba, ƙwaƙwalwarsa ta daidaita aikinta da giyar. Idan ya yanke lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 sai karkarwar hannu ta fara, da gumi, da tashin zuciya, da faɗuwar gaba, da rashin barci. Wasu jijjiga irin ta farfaɗiya takan kama su cikin kwana biyun farko. Mafi haɗari yakan zo ne tsakanin kwana na biyu da na huɗu: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi da bugun zuciya da sauri. Wannan yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba.

Don haka in kana tashi da karkarwa har sai ka kurɓa kafin ka daidaita, ko ka taɓa yin jijjiga bayan ka daina, kada ka yanke kai kaɗai a ɗaki. Je wurin likita, ka faɗa masa ainihin yawan abin da kake sha. Kada ka rage masa lissafi saboda kunya, domin da wannan lissafin zai auna maganin da zai ba ka. Ka kuma tambaye shi game da magungunan da ke taimakawa wajen rage kwaɗayin giya, irin su naltrexone da acamprosate. Taro ba ya maye gurbin asibiti, amma ba sai ka jira ka gama da likita kafin ka fara zuwa ba. Ana haɗa su.

Mataki na 2: San irin ƙungiyoyin da ke akwai

AA ce ta fi yaɗuwa, ita za ka fi saurin samu. Tana bin tsarin matakai 12, wanda ya fara da amincewa cewa giya ta fi ƙarfin mutum, ya wuce zuwa binciken kai, gyara ɓarnar da aka yi wa mutane, da taimakon wani mai fama. Ana yawan ambaton Ubangiji a cikinta, gwargwadon yadda kowa ya fahimce Shi, amma ba ta ƙarƙashin wani addini.

SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, dabarun ilimin halayyar ɗan Adam take amfani da su: yadda za ka ƙarfafa niyya, yadda za ka jure wa kwaɗayi har ya wuce, yadda za ka sarrafa tunani da fushi, da yadda za ka daidaita rayuwa. A taronta ana tattaunawa kai tsaye, akwai kuma mai gudanarwa da aka horar. Women for Sobriety, tun 1975, ta mata ce zalla. Millati Islami, da aka fara a birnin Baltimo na Amurka a 1989, ta ɗauki matakai 12 ta gina su a kan koyarwar Musulunci. Celebrate Recovery kuma ta Kirista ce, a coci-coci ake yin ta.

Shawarata: kada ka ɓata mako guda kana auna wadda ta fi. Fara da wadda take da taro mafi kusa, a rana mafi kusa. Zaɓen na gaskiya sai ka zauna a ciki za ka yi shi.

Mataki na 3: Nemo taron

Shiga shafin aa.org ka nemi ofishin AA na ƙasar da kake. Ofisoshin suna da jerin taruka da ranaku da lokuta, da yawansu kuma suna da lambar waya wadda wani ɗan ƙungiya yake amsawa. Akwai manhaja mai suna Meeting Guide da ke nuna tarukan da ke kusa da kai a wuraren da ofisoshinsu suka shigar da bayanansu. Shafin smartrecovery.org shi ma yana da nasa jerin.

In intanet bai ba ka komai ba, tambayi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti, ko cibiyar gyaran masu shaye-shaye, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a. Su suka fi sanin ƙananan tarukan da ba a sa su a wani shafi ba.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne dogaro da tsohon jeri. Taruka suna sauya wuri, wasu suna tsayawa. Mutum ya tattara duk ƙarfin zuciyarsa ya je ya tarar da ƙofa a kulle, sai ya ce dama ya sani, ya wuce mashaya. Kira ka tabbatar kafin ka fita, ka kuma rubuta taro na biyu a littafinka ko da na farkon bai yiwu ba.

Mataki na 4: Duba wane irin zama ne

A jerin za ka ga an raba su. Buɗaɗɗen taro kowa na iya shiga, har ɗan rakiyarka. Rufaffen taro na masu matsalar giya ne kaɗai, kuma kai ma ka cancanta tun ranar farko muddin kana son dainawa. Akwai zaman da mutum ɗaya ko biyu suke ba da labarinsu sauran na saurare, akwai na tattaunawa a kan wani batu, akwai na karatun matakai, akwai na sabbin zuwa. Ga mai farawa, na sabbin zuwa ko na sauraron labari ya fi sauƙi, don ba wanda zai jira ka ce uffan.

'Yar'uwa, idan ke ce mai neman taron, duba ko akwai na mata zalla. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai maganganun da za su fi fitowa daga bakinki a can.

Mataki na 5: Ranar farko

Ci abinci kafin ka fita. Isa wurin da minti goma ko sha biyar kafin a fara. Wannan ɗan lokacin yana da amfani ƙwarai: za ka tarar ana jera kujeru, ka gaisa da wanda ka fara gani ka ce masa yau ne zuwanka na farko. Wannan jimla ɗaya ta wadatar, shi zai nuna maka sauran.

Tsoron da ya fi hana mutane shiga shi ne kada su haɗu da wanda ya san su. Yana iya faruwa. Amma ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, rufin asirinka rufin asirinsa ne. Da sunan farko kawai ake kiran juna, ba a tambayar sunan uba ko wurin aiki.

In ka riga ka sha a ranar, kada ka fasa saboda haka. Kada dai ka yi tuƙi. Shiga ka zauna shiru ka saurara, ka bar magana sai bayan an tashi. Kada kuma ka shigo da giya ɗakin, akwai wanda yake kwanansa na biyu da dainawa a kujerar da ke gefenka.

Mataki na 6: Abin da ke faruwa a ciki

Mai jagorantar zaman, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, zai buɗe da ɗan shiru ko gajeriyar addu'a, a karanta bayanin manufar ƙungiya. Akan tambaya ko akwai sabon zuwa. In ka ga dama ka ɗaga hannu ka faɗi sunanka. Za ka ji mutane suna gabatar da kansu da cewa su mashaya ne. Ba dole ka faɗi haka ba. Idan layi ya zo kanka ba ka shirya ba, ka ce yau sauraro ka zo yi, za a wuce ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

A yawancin tarukan AA ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa nasiha a bainar jama'a. Kowa labarin kansa yake bayarwa, cikin 'yan mintuna. Da farko wannan yakan ba sabon zuwa mamaki, ya ga mutum ya faɗi abu mai nauyi an ce masa an gode kawai an wuce. Hikimar ita ce mashayi ya sha faɗa da nasiha har kunnensa ya toshe. Wurin da zai faɗi gaskiya ba a yanke masa hukunci ba shi ne bai taɓa samu ba.

Ga inda nake son ka fi mai da hankali: yadda za ka saurara. Zuciya za ta yi ta nuna maka bambancinka da su. Wannan ya taɓa zaman kurkuku, ni ban taɓa ba. Wancan ya rasa aikinsa, ni ina da nawa. Wannan tsoho ne, wancan bai yi karatu ba. In ka biye mata za ka fita da tabbacin cewa naka bai kai can ba, kuma wannan tabbacin shi ke mayar da mutum mashaya. Ka nemi inda kuka yi kama. Ɓoye kwalba, ƙaryar da ake yi wa iyali, alkawarin kofi ɗaya da ke zama goma, tashi da safe ana lalube a ƙwaƙwalwa me aka yi jiya. In ka saurara ta wannan fuska, da wuya a tashi ba ka ji wani ya faɗi abin da ka zaci kai kaɗai ka san shi ba.

Za a zagaya da kwando ko akwati. AA ba ta karɓar tallafi daga waje, da abin da 'yan ƙungiya suka jefa ake biyan hayar ɗaki. In ba ka da shi, miƙa wa na gaba.

Gargaɗi biyu. Abin da ka ji da wanda ka gani a ɗakin, ka bar su a ɗakin, ko a gida kada ka ba da labari. Na biyu, sirrin taro amana ce tsakanin mutane, ba kariya ce ta doka ba. Abin da zai iya jefa ka cikin shari'a ko ya tona asirin wani, kada ka zube shi gaban jama'a. Ajiye shi sai ka sami mutum ɗaya da ka yarda da shi, ko lauya, ko likita.

Mataki na 7: Kada ka gudu da an tashi

Sabon zuwa yakan riga kowa fita. Tsaya minti goma. Je wurin wanda maganarsa ta shige ka, ka ce masa ka ji abin da ya faɗa, ka nemi lambarsa. Nemi lambobi uku ko huɗu. Ba nauyi ka ɗora musu ba, a tsarinsu taimakon sabon zuwa yana cikin abin da ke riƙe su kansu.

Sannan ka kira washegari, tun babu matsala. Wanda bai saba kira a lokacin lafiya ba, ba zai iya ɗaga waya ba a daren da kwaɗayi ya shaƙe shi. Kwaɗayin giya yana tasowa ya yi ƙarfi sannan ya sauka, sau da yawa hirar minti ashirin ta isa ta tsallakar da kai. Tsofaffin 'yan taro za su ce ka kula da abu huɗu da ke buɗe masa ƙofa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Za su kuma ce kada ka ɗauki alkawarin har abada, na yau kaɗai za ka riƙe.

Mataki na 8: Koma, ka kuma zagaya

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Kowane taro da halinsa: wani akwai raha, wani shiru, wani kuma akwai mai cika surutu da zai gundure ka. Gwada biyar ko shida, a wurare daban-daban in da hali. Akan shawarci sabbi su yi taro 90 cikin kwana 90. Ba doka ba ce, kada ka karaya in ba za ka iya ba, amma a watannin farko yawan zuwa yana da tasiri sosai, musamman in ka sa taron a daidai lokacin da ka saba zama shan giya.

In ka sami wanda hankalinka ya kwanta da shi, ka mai da shi taronka na dindindin, ka karɓi ɗan aiki a ciki, ko jera kujeru ne ko tarbar mutane a ƙofa. Ranar da ƙyuya ta kama ka, sanin cewa ana jiran ka buɗe ɗaki zai fito da kai.

Mataki na 9: Zaɓi jagora

Jagora ɗan ƙungiya ne da ya riga ka dainawa, wanda zai bi da kai cikin matakai 12 na AA ɗaya bayan ɗaya, kuma shi za ka kira in abu ya rikice. Nemi wanda ya yi aƙalla shekara ɗaya bai sha ba, wanda shi ma yana da nasa jagoran, wanda kuma rayuwarsa a waje ta yi daidai da maganarsa a ciki. An saba namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace. In ba ka gama tantancewa ba, roƙi wani ya riƙe ka na wucin gadi. In tafiyar ba ta yi ba, kana da damar sauyawa.

Ka sani ba kowa ne a ɗakin ya warke daga munanan halaye ba. Wanda ya fara neman rance a wurinka, ko yake neman soyayya da sabuwar zuwa, ko yake son juya maka rayuwa gaba ɗaya, ka ja baya ka sanar da tsofaffin taron. Duk wanda kuma ya ce ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka, kada ka saurare shi ko shekara nawa ya yi da dainawa. AA da kanta ta gargaɗi 'ya'yanta kada su mai da kansu likitoci.

Mataki na 10: Idan ka zame

Yana faruwa da mutane da yawa. Haɗarin ya fi yawa a kunyar da ke biyo baya, wadda ke sa mutum ya ƙaurace wa taro ya kashe waya, kofi ɗaya ya zama wata uku. Kira jagoranka a ranar, ka je taro mafi kusa ka faɗa. Za ka tarar da waɗanda suka bi ta nan. Daga baya ku zauna ku duba abin da ya faru a kwanakin da suka gabaci shan, don yawanci zamewar ta fara tun lokacin da aka rage zuwa taro. In shan ya ɗauki kwanaki da yawa, koma mataki na farko, wato likita. In kuma tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, wannan na gaggawa ne, faɗa wa wani nan take a kai ka asibiti.

Idan babu taro kusa da kai

Tarukan intanet suna gudana dare da rana cikin harsuna da dama. Shafin aa-intergroup.org yana da jerinsu, wasu ta bidiyo, wasu ta kiran waya, wasu a rubuce. Lura da bambancin agogo tsakanin ƙasashe. Kafin ka shiga, sauya sunan da ke bayyana a Zoom zuwa sunanka na farko kawai, kashe makirufo sai lokacin maganarka, kyamara kuma kana iya barinta a rufe sai dai in dokar taron ta ce a buɗe. Sa abin sauraro a kunne don mutanen gida kada su ji sirrin wasu. In intanet ɗinka ba shi da ƙarfi, rufe bidiyo ka bar murya. A nan ma ka tsaya bayan an tashi ka nemi lambobi, domin ta allo ya fi sauƙi mutum ya shiga ya fita ba wanda ya san shi.

Babban ofishin AA da ke birnin Niyok na Amurka yana da tsarin da ke haɗa waɗanda suke zaune nesa da kowane taro da sauran 'yan ƙungiya ta hanyar wasiƙa. A ƙa'idar AA kuma, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina suna iya kiran kansu ƙungiya, matuƙar ba su jingina ta da wata cibiya ba. In ka ɗan samu ƙafa ka kuma san wani mai neman dainawa, ku sami ɗaki mai sirri, ku tsayar da rana da lokaci, ku rubuta wa ofishin ƙasarku ko mafi kusa ya aiko muku da takardun farawa.

Iyalinka ma suna da nasu wurin. Al-Anon, da aka kafa a 1951, ta mata da mazaje da iyaye da 'yan'uwan mashaya ce, Alateen kuma ta matasan gidan. Ana nemo tarukansu a shafin al-anon.org, kuma suna iya fara zuwa ko kai ba ka fara naka ba tukuna.